Kafin Ka Hau Keke a Cadawa

Zuwa ga ɗana Rabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tafiyarka Laminu da Hamisu, da mutanen gidan su Laminu da suka sauke ku a Cadawa. Allah ya sa kun isa ba tare da wahala ba. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku bisa hanya. Innarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci.

Direban da ke zuwa Cadawa ranar kasuwa zan ba takardar nan gobe da safe. Ka ce kwana biyar za ku yi a can kafin ku ɗaga, saboda haka ina sa ran za ta same ka. Za ka ce me ya hana in kira ka a salula. Na san halina ne. In na ji muryarka, ko dai in koma faɗa, ko in tambaye ka ya zafi ya baƙunta in kashe. Abin da ke cikina ba ya fitowa ta baki, na fi shekara talatin ina gwadawa.

Bari in fara da laifin da ya fi kusa. Shekaranjiya da safe ka shigo zaure ka durƙusa, ka ce ka zo yi mini sallama. Ina jin ka, ban ɗago kai daga igiyar da nake tufkawa ba. Na ce maka wanda ya riga ya yanke shawararsa ba ya buƙatar bakin tsoho. Ka daɗe a durƙushe, sannan ka tashi ka ja kekenka ka fita. Ban kyauta ba. Kai ba yaro ba ne, mushen lakol ne kai, malamin makaranta guda, hutunka ne, kuma da guminka ka sayi keken. Ka nemi izini, ka sake nema, ba ka tafi a ɓoye ba. Na sa maka albarka, Rabe, na yarda da tafiyar. Kada ka taka feda ko sau ɗaya kana tunanin ubanka na fushi da kai. In wata rana naka ɗan ya durƙusa gabanka zai yi tafiya, ko ba ka so, ka dube shi ka yi masa addu'a, faɗan ya jira har ya dawo.

Ba fushi ba ne, tsoro ne. Tun ranar da ka kwatanta mini hanyar, Cadawa zuwa Agie, Agie zuwa Gazawa, sannan ku juyo yamma ta ƙauyuka har Gidan Rumji da Gidan Sori ku faɗo gida, abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Ka ɗauka labarin 'yan bindigar bakin iyaka ne ya tayar mini da hankali. Yana ciki. Amma babban abin shi ne ni ma na taɓa yin irin wannan tafiya, daga wannan gari, cikin irin wannan bazara, kuma ban taɓa ba ka labarin ba. Innarka ma rabinsa ta sani.

Ina da shekara ashirin da uku a lokacin. Ina da amini, Sha'aibu, gidansu na jikin namu a nan Tibiri. Kakanninsa daga kudu suka zo, ƙetaren iyaka, amma shi nan aka haife shi, tare muka shiga lakol, tare muka bar ta muka koma gona. Mutum ne mai son hira da raha. In ya saurari mutum sau ɗaya sai ya kwaikwayi muryarsa, har mai shelar gari bai bari ba. Shekarar an yi damina mai kyau, kowannenmu ya sayi keke. Da aikin gona ya ƙare, ni na kawo shawarar mu tafi gabas mu ga ƙasa, tunda ba mu taɓa wuce Maraɗi ba. Shi ya ce yana da kawu a Cadawa, Malam Idi, sai mu hau mota zuwa can mu kwana biyu, daga nan mu fara.

Tun a tashar Maraɗi na fara ɓata lamarin. Kamiyo muka samu, babbar mota mai kayan kasuwa. Sha'aibu ya hau sama da kansa ya tsaya har aka ɗaure kekensa, ni kuwa na miƙa nawa na tafi shan shayi. Da muka sauka Cadawa na tarar an jibga masa buhunan albasa, ƙafar baya ta karkace. Akwai wani tsoho mai gyaran keke a bakin tasha. Ya juya ƙafar ya duba, ya ce wayoyinta sun saki, in bar masa ita ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, jibi in zo in ɗauka. Na ga kamar raini ne ɗan Tibiri ya zo ƙauye a koya masa keke. Na kwantar da ita ƙasa na tattaka har ta yi kamar ta miƙe, na ce ta gyaru. Tsohon ya koma bisa aikinsa.

Kai ka riga ka isa, ban san yadda aka ɗaure naka bisa mota ba, kuma abin yana damuna. Yau ɗin nan ka kifar da shi, ka juya kowace ƙafa kana kallonta, ka taɓa wayoyin da yatsa ka ji ko akwai wanda ya saki. Ko ba ka ga komai ba, ku kai kekunan uku wajen mai gyara na garin, ku zauna ya duba birki da sarƙa a gabanku. Faci da gam da famfo kowa ya riƙe nasa, hanyoyin nan tsidau da ƙaya sun cika su.

Malam Idi ya karɓe mu hannu biyu. Dattijo ne mai sanyin magana, manomi, yana kuma bin kasuwannin ƙauye da jaki. Bayan la'asar ya zaunar da mu a ƙofar gida ya yi mana bayanin hanya dalla-dalla, garin da rijiyarsa ke da ruwa a bazara da wanda tasa ta ƙafe, da gidan da za mu yi sallama a ba mu masauki. Ya ce mu tashi da an sallame asuba, mu sauka kafin rana ta take. Ya ce akwai wata hanyar yanke da ake cewa ta fi kusa zuwa Agie, kada mu bi ta, rairayi ne zalla, kuma babu gari sai ɗaya a tsakiya. Ina ta gyaɗa kai ina cewa to, Kawu, amma a raina cewa nake mai jaki me ya sani game da keke. Ko sunan gari ɗaya ban riƙe ba.

Kwanakin da za ku yi a Cadawa ba na kwanciya ba ne, Rabe. Taswirar da ke cikin salularka ba ta san rijiyar da ta ƙafe ba. Ka bi mahaifin Laminu ku je ku gaida mai gari, a san da ku. Ka zauna da masu amalanke da 'yan kabu-kabu, su ke bin hanyoyin kullum, ka tambaye su ka rubuta abin da suka faɗa. In biyu sun saɓa, ka nemi na uku. Haka za ku yi a kowane gari, don mutumin Cadawa ba zai san halin da ake ciki a bayan Gidan Sori ba.

A nan akwai maganar da ba ni da kuskuren kaina da zan kafa maka hujja da shi, don a zamaninmu babu ita. Ka tambayi hanya, amma kada ka gaya wa baƙo ranar da za ku bi ta. Hotunan nan da kuke sawa a salula duniya ta gani, ku bari sai kun bar gari da kwana biyu. Ni da innarka kaɗai za ka riƙa gaya wa inda kuka kwana da inda kuka nufa, kullum, in salula ba ta kama rezo ba ka hau tudu ka nema. Tsakanin Gidan Rumji da Gidan Sori ina roƙonka ku tsaya wajen jandarma ku tambaya kafin ku shiga. In sun ce a'a, ko mutanen gari suka yi shiru suka dubi juna, ku ɗora kekunan bisa mota ku dawo ta kwalta. Ba wanda zai ce kun kasa. In kuwa, Allah ya kiyaye, aka tare ku, keke da salula ba su kai ranka ba, ka miƙa ba gardama.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwana na biyu a Cadawa Sha'aibu ya tashi da ciwon kai. Bai ci abinci ba, ya zauna a zaure ya juya wa ƙofa baya, ya ce haske na damun idonsa. Matar Malam Idi, Inna Hajo, ita ta lura. Ta kira ni bayan rumbu ta ce:

"Garba, ɗan'uwanka ba shi da lafiya. Jikinsa kamar garwashi. Ku ƙara kwana biyu, in bai sauka ba a kai shi likita."

Na ce mata gajiyar mota ce, in iska ta buge shi bisa keke zai warware. Malam Idi ya tafi wata kasuwa ranar, sai washegari da yamma zai dawo. Da yana nan ba mu isa mu fita ba, kuma na san da haka, shi ya sa na matsa mu tashi kafin ya dawo. Na sami Sha'aibu na ce masa in tsoron hanya yake ji ya faɗa, in tafi ni kaɗai, in na koma Tibiri in ba da labari. Ya ce ba tsoro ba ne, wuyansa ne ya ƙage, ba ya iya sunkuyawa. Na yi dariya na kira shi rago. Ya dube ni, sannan ya ce to, mu tafi.

Rabe, in ka kira abokinka rago zai bi ka har inda zai faɗi. Ku uku ne, kuma na san shawarar taka ce, kai suke bi. Duk safiya ka dubi fuskar Laminu da ta Hamisu kafin ka dubi tayarka. Wanda bai ci abinci ba ka tambaye shi dalili, in ya ce ba komai kada ka yarda da sauri. Zazzaɓi da ciwon kai, ko wuya ya ƙage, ko amai, ko mutum ya ƙi haske, a cikin zafin nan ba a kwana da su, likita ake nufa a ranar. Ban ma sani ba ko an yi muku rigakafin sanƙarau ku ukun, in ba a yi ba ku tambaya kafin ku ɗaga. In kuma kai ne ba ka da lafiya, ka faɗa. Ka gado taurin kaina, ina ganinsa tun kana ƙarami.

Washegari ba mu tashi da asuba ba. Na tsaya bakin kasuwa ina ba samarin gari labarin inda za mu, sai da hantsi ya ɗaga muka hau. Kowa da gorar ruwa ɗaya. Da muka zo mararraba na karkata hanyar yanken da aka hana mu, don in rama lokacin da na ɓata. Ba mu yi nisa ba rairayi ya fara cin taya, mu hau, mu sauka, mu tura. Sha'aibu yana baya. Sau biyu ya kira ni in jira shi, na jira ina tsaki. Na uku na ji kamar ya kira, ban waiwaya ba. Na ce a raina bari in riga shi isa rijiya, in ya iso in yi masa tsiya.

Wajen azahar na isa ƙauyen da ke tsakiya. Na sha ruwa, na yi salla, na zauna gindin wani gawo ina shirya maganganun da zan tsokane shi da su. Inuwa ta karkata, bai iso ba. Sai da na ga ana alwalar la'asar gabana ya faɗi. Na hau keke na juya da gudu. Ban yi tafiyar kirki ba ƙafar bayan nan ta lanƙwashe gaba ɗaya, wayoyi suka tsintsinke, na faɗi. Na yar da shi nan na ci gaba a ƙasa, ina gudu ina tafiya, ina kiran sunansa.

Kekensa na fara gani, kwance tsakiyar hanya. Shi kuma yana gindin wata aduwa. Wata dattijuwar Bafulatana da ta taso daga tallan nono ce ta ja shi zuwa inuwa, ta jiƙa ɗankwalinta da ɗan ruwan da ya rage mata tana shafa masa a fuska. Bai san inda yake ba, bayansa ya sandare, yana ta sambatu. Ta dube ni ta ce:

"Kai ne abokin tafiyarsa?"

Na ce ni ne.

"To ina kake?"

Har yau da nake rubuta maka tambayar nan na cikin kunnena. Ita ta je rugarsu ta zo da mijinta da amalanken shanu. Can cikin dare muka shiga Agie. Ban tambayi sunanta ba, ko na gode ban tuna na ce mata ba.

Abin da zan ce a nan gajere ne. Saurin wanda ya fi rauni za ku bi, wanda ya fi ƙarfi kuma ya zauna baya. Kada ɗayanku ya ɓace wa sauran da gani, ko fitsari zai yi ku tsaya tare. Ku tashi da asuba, ku sauka kafin rana ta take, ku zauna inuwa har la'asar. Bidon ruwa, wato jarka, biyu kowa, ku cika a duk rijiyar da kuka gani ko bai ƙare ba. Malafar da innarka ta cusa maka a jaka ka sa ta, ko abokanka za su yi dariya.

A gidan likita, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya taɓa wuyansa sau ɗaya ya ce sanƙarau ne. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce yau, bisa hanya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga aikinsa. Mutanen nan sun yi iya ƙoƙarinsu. Kwana tara Sha'aibu yana tsakanin rai da mutuwa, ina zaune bakin ƙofa. Malam Idi ya iso rana ta biyu ya zauna ɗaya gefen, ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Rana ta goma Sha'aibu ya buɗe ido ya gane mu. Na matsa kusa ina yi masa sannu, ina ta magana. Ya zuba wa bakina ido. Can ya ce:

"Garba, ɗaga murya mana."

Na ɗaga. Na ƙara ɗagawa har majo ya leƙo. Sai ya juya ya dubi kawunsa, ya dubi taga inda masu jinya ke ta hayaniya, ya ce:

"Me ya sa kowa ya yi shiru a garin nan?"

Kunnuwan biyu duka suka tafi, ba su dawo ba. Majo ya ce ciwon yakan yi haka, wani ko an kawo shi da wuri. Allah ne masani. Amma ni na san kwana ɗaya da yini na hana shi zuwa likita, na kuma ja shi cikin rana.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na iya faɗa maka shi da baki. Da muka koma Tibiri, zauren mahaifinsa ya cika da 'yan sannu. Aka zaunar da ni kusa da Sha'aibu. Mahaifinsa ya ce in ba su labarin yadda abin ya faru, tunda ni ne a wurin. Na buɗe baki na ce na yi, na yi da shi mu ƙara kwana a Cadawa ya ƙi, shi ya matsa mu tafi, kuma muna tare kafaɗa da kafaɗa ya faɗi. Ina faɗar haka yana zaune gefena yana kallon bakina, yana murmushi yana gyaɗa kai. A zatonsa labarin yadda na kai shi likita nake bayarwa, don kwanakin nan sun goge daga kansa, bai tuna komai ba tun daga ciwon kan. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya yi ta sa mini albarka. Mahaifiyarsa ta aiko mini da tuwo da miyar zabuwa.

Na ci tuwon nan, Rabe.

In wani abu ya faru a hanya, Allah ya kiyaye, kuma da hannunka a ciki, ka faɗe shi a ranar, ga likita, ga iyayen mutum, gare ni. Za a yi maka faɗa, wataƙila a daina gaishe ka shekara guda. Wannan mai sauƙi ne. Ni ba wanda ya yi mini faɗa, kuma tun daga ranar ban ƙara iya zama kusa da aminina ba. In ya zo ƙofar gidanmu da ɗan littafinsa da fensir don mu yi hira a rubuce, sai in nuna masa ina da aiki a gona. Ya ɗauka kurumtar tasa ce ta gundure ni. Na bar shi ya ɗauka haka.

Bayan shekara ɗaya ya koma Cadawa wajen kawunsa, ya koyi ɗinki, ya yi aure a can. Malam Idi da Inna Hajo sun san gaskiya, don Bafulatanar nan ta gaya wa mutanen Agie yadda ta tsince shi shi kaɗai, maganar kuma ta kai kunnensu. Ba su taɓa faɗa ba. Sau ɗaya na ƙara haɗuwa da Malam Idi, da ya zo Tibiri ta'aziyyar mahaifin Sha'aibu. Ya ja ni gefe ya ce:

"Na yi shiru ne ba don kai ba, don shi. Yana ganin kai ka ceci ransa, ban so in raba shi da wannan ma. Amma hakkinsa na wuyanka. Ranar da ka shirya, ka zo da ƙafarka ka gaya masa."

Na ce to, Kawu. Ya rasu ban je ba. Inna Hajo ma ta rasu. In tafiya ta kama ni gabas, mota na shiga Cadawa nake sunkuyar da kai. In Sha'aibu ya zo Tibiri ganin dangi, sai in sami dalilin barin gari. Shi kuwa duk Salla sai ya aiko direba da gaisuwa. Ranar sunanka ya aiko da 'yar riga da ya ɗinka da hannunsa, innarka ta yi ta sa maka ita har ta yi maka kaɗan, tana yaba kirkinsa.

Yana nan da rai, a garin da kake zaune yanzu. An ce rumfarsa na gefen kasuwa, wajen masu hatsi. Da farko na rubuta cewa ka kai masa takardar nan ya karanta, sai na yaga na sake sabuwa, don in na yi haka na ɗora maka kayan da ba naka ba. Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Ka sayi goro ka je ka gaishe shi kafin ku ɗaga. Ka tambayi tela Sha'aibu, kada ka ce kurma ko da haka za a kwatanta maka shi. Ka tsaya inda zai ga fuskarka, ka durƙusa, ka rubuta masa ko kai ɗan wa ne. Baba za ka kira shi. Sannan ka rubuta masa cewa Garba na zuwa ranar kasuwa mai zuwa, shi kaɗai, yana da magana. In ka rubuta haka ka ɗaure ni, ba ni da hanyar fasawa, kuma abin da nake so ke nan. Kada ku jira ni, ku kama hanyarku, lokacin da zan iso kuna wajen Gazawa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi hana ni sukuni. Sha'aibu sa'ana ne, ni kuwa idona ya fara rauni, da tabarau nake wannan rubutu. Shi ya fi shekara talatin yana zura zare a allura. Ka lura da kyau lokacin da ka miƙa masa takardar da ka rubuta, yana karantawa da sauƙi ne, ko sai ya kai ta kusa da hanci, ko juya ta kawai yake yi a hannu. Ba wanda zai iya karanta masa ya ji. In idon ya tafi, ba sauran ƙofar da zan bi in gaya masa. Kana fitowa daga rumfar ka kira ni, kada ka bari sai yamma.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku ukun, kowa da jinsa da ganinsa. Allah ya sanyaya muku rana, ya haɗa ku da mutanen kirki a kowace rijiya, ya kau da idon azzalumai daga kanku, ya tsare gabanku da bayanku. Ka gaida Laminu da Hamisu, ka gaida mahaifin Laminu da iyalinsa, ka yi musu godiya a madadina. Ka riƙe salla bisa lokaci duk inda ta riske ku, kuma ka sa ni cikin addu'arka, don ni ma ina da tafiya a gabana.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba
Tibiri